Gahawar Mutum Biyu

"Wallahi Auta, idan na sake jin ƙarar abin niƙan nan a gidan nan, ta taga zan wurga shi."

Umma ce tsaye a ƙofar kicin, hannu a ƙugu. Ban ɗago ba. Na ci gaba da juya ɗan injin, 'ya'yan gahawa suna ƙurus-ƙurus a ciki, ƙamshi yana tashi. Ta san ba za ta wurga ba, ni ma na sani. Watanni ke nan da wannan muke buɗe kowace safiya.

"Ina kwana, Umma?"

"Da ban kwana ba za ki gan ni?"

Na ɗora mazurari a bakin ɗan tulun gilashi, na shimfiɗa takardar tacewa a ciki, na jiƙa ta da ruwan zafi don warin takarda ya fita, na zubar da ruwan. Sannan na juye garin. Umma tana kallon kowane motsi nawa, tana taɓe baki.

"Dubi wahala don Allah. Ga na'ura can a kwali, Lauya ya aiko miki, maɓalli kawai za ki danna. Ko buɗewa ba ki yi ba."

"Ban ce ya aiko ba."

Lauya abokin Yaya ne. Mutumin kirki ne, ban taɓa cewa ba shi da kirki ba. Laifinsa ɗaya a wurina, bai bari jinin wani ya bushe ba ya fara sallama a ƙofar gidanmu.

Wanin nan kuwa Injiniya ne. Saura kaɗan a yi aurenmu inji ya kama masa hannun dama a masana'antar da yake aiki, likitoci suka yanke daga wuyan hannu. Tun da aka sallame shi daga asibiti ya daina ɗaga wayata. Na je gidansu, ƙanwarsa ta ce yana barci. Na koma, yana barci. Mutum sai ka ce jariri!

Kayan gahawar nan nasa ne. Shi ya kawo min su lokacin da duniya ke lafiya, ya zauna ya koya min: kada gari ya yi laushi, kada ruwa ya zo yana tafasa, a fara zuba kaɗan a jira gari ya kumbura, sannan a dinga zubawa a hankali ana kewayawa. Ranar na ce ya nuna min awon kofi ɗaya. Ya yi dariya ya ce, "Malama, ni awon mutum biyu na iya, kuma shi kaɗai zan koya miki."

Ni da nake koyar da lissafi a sakandare, raba abu biyu ba zai gagare ni ba. Ƙi na yi. Kullum kofi biyu nake haɗawa, in sha ɗaya, in bar ɗaya a kan teburin kicin in tafi makaranta. Idan na dawo sai in tarar an wanke kofin an kife. Umma ta ce a magudana take tuttular da shi, wai ba za a bar mata abin kiran ƙuda ba.

Na ɗaga butar mai siririn wuya na jiƙa garin. Ya taso, ya yi kumfa.

"Ki sha na ƙarshe," in ji Umma. "Yau da la'asar zai zo."

Hannuna ya tsaya. "Wa?"

"Wa kike tsammani? Yayanki ya je ya same shi, zai zo ya faɗa wa Babanki da bakinsa cewa ya janye. Ki wanke tarkacen nan ki haɗa masa, ya tafi da abinsa. Kuma ki zauna a ɗakinki har ya fita, ba na son ganin ko inuwarki."

Ruwan ya gama tsiyayewa ban ƙara wani ba. Ranar ko kurɓa ban yi ba.

Yaya ya iso da rana, yana kaɗa makullin mota. A tsakar gida na tare shi.

"Me ka je ka faɗa masa?"

"Ke, ba gaisuwa?"

"Ina wuni. Me ka faɗa masa, Yaya?"

Ya gyara tsayuwa. "Magana muka yi ta maza. Na ce masa idan son gaskiya yake miki, ya ƙyale ki. Mutumin da ko maɓallin rigarsa ba zai iya sawa ba, me zai yi da mace? Kuma ya gane. Ya fi ki hankali."

"Ka same shi a kwance ka taka shi, shi ne maganar maza?"

"Auta, ki iya bakinki. Shekarunki talatin, ba yarinya ba ce ke. Ga Lauya nan, tare muka tashi, na san cikinsa da bayansa, lafiyayye, mai haƙuri..."

"Tunda ya kwanta maka haka, Yaya, ai sai ka ajiye shi a gidanka."

Ya ɗaga hannu ya sauke. Na shige ɗaki na turo ƙofa, na yi kuka mai isata. Ba na Yaya ba ne kukan. Haushin Injiniya nake ji, haushi har maƙogwaro. A ce ka yanke hukunci a kaina, ka gaya wa yayana, ka zo ka gaya wa ubana, ni da aka yi alkawarin da ni ko kallo ban isa ba? Lallai ma!

Da la'asar na ji sallamarsa. Muryar ba ta canja ba, ta dai yi ƙasa.

Na wanke fuska. Na shiga kicin na ɗora ruwa. Na jera kayan a babban faranti: injin niƙa, mazurari, takarda, tulu, kofi biyu, da gwangwanin 'ya'yan gahawa waɗanda ba a niƙa ba. Ruwa na tafasa na juye a buta, na ɗauka na nufi falo.

Baba yana kujerarsa ta kullum kusa da taga, sandarsa a jingine. Shekaru ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi, magana sai ta kama yake yi. Umma ke masa komai, wanka, sutura, har ba shi abinci a baki. Tana zaune a gefensa. Yaya a doguwar kujera. Injiniya kuwa a ƙasa kan darduma, kai a sunkuye, hannun rigarsa na dama a naɗe an maƙale shi da fil. Ya rame har wuyan rigar ya yi masa yawa.

Na nufi inda yake.

"Me na ce miki?" Umma ta miƙe rabi.

"Cewa kika yi in kawo masa kayansa, Umma. Ga su na kawo."

Na durƙusa a gabansa na ajiye farantin. Bai ɗago ba.

"Sannu, Injiniya. Ashe kana tashi daga barci."

"Malama..."

"An ce ka zo da magana. Za ka yi maganarka, ba wanda zai hana ka. Amma baƙo ba ya shigowa gidan nan ya fita da busasshen baki. Kuma kai ka ce min gahawar da aka niƙa aka ajiye ba gahawa ba ce."

Na auna 'ya'yan na zuba a injin, na rufe, na tura gabansa.

Ya dubi injin. Ya dubi naɗaɗɗen hannun rigarsa. Sai a lokacin ya dube ni, idonsa ja.

"Wulakanta ni kika fito yi?"

"Niƙa za ka yi."

"Da me? Abin nan hannu biyu yake so, kin sani. Ɗaya ya riƙe, ɗaya ya juya. Kin san sau nawa na gwada da wanda nake da shi a gida? Na matse a tsakanin gwiwoyi, ya suɓuce. Na danne da dungun, ya kife, na bi ƙasa ina tsintar 'ya'ya ɗaya-ɗaya ina kuka kamar yaro. Kofi ɗaya na kasa haɗa wa kaina, Malama. Kofi ɗaya! Shi ne zan ɗauko 'yar mutane in ce zan riƙe ta?"

"Wa ya ce ka haɗa kofi ɗaya? Kai da ka ce ba ka iya ba?"

Na sa hannu biyu na kama jikin injin, na danne shi a kan farantin da ƙarfina.

"Na riƙe. Juya."

"Auta, tashi ki bar nan!" Yaya ya daka min tsawa.

"Ba inda za ni, Yaya. Kai ka yi taka maganar a bayan idona. Ni tawa a gaban kowa zan yi."

Injiniya ya girgiza kai. "Yau kin riƙe. Gobe fa? Shekara goma fa? Ba tausayi nake nema ba."

"Tausayi? Ni ka ga alamar tausayi a fuskata? Haushinka nake ji, wallahi kamar in shaƙe ka. Hannu aka yanke maka, ba kunne ba, me ya hana ka ɗaga wayata? Ina tsaye a ƙofar gidanku rana tana dukana, ina ganin labulenka yana motsi, a ce min kana barci. Ka zauna kai kaɗai ka yanke cewa ba zan iya ba. Ka tambaye ni? Ka taɓa tambayata?"

Hawaye suka zubo min, ban saki injin na share ba.

"Idan ka daina sona, ka dube ni ka faɗa, in kwashe kayan nan da hannuna in kai maka mota. Amma idan don hannu ne, ban yarda ba. Ban yarda ba, ko duk gidan nan za su taru a kaina."

Umma ce ta amsa, ba shi ba. Ta miƙe tsaye.

"Ke me kika sani? Me kika sani, Auta? Kin ɗauka riƙe injin niƙa ne aure? Ni za ki gaya wa riƙo? Ni da na san nauyin namiji idan ya faɗi a banɗaki ba kowa a gida? Bayana ya ƙare, barcina ya ƙare, bikin 'yar ƙanwata ban je ba, mutuwar yayata sai a waya na yi gaisuwa. Kina gani da idonki. Na haife ki, na raine ki, in zuba ido ki shiga abin da na sani? Ba mugunta nake miki ba, 'yar nan. Ba na so ki zama ni!"

Sai da maganar ta fita ta tuna wanda ke zaune a gefenta. Ta juya ta dubi Baba, ta sa hannu ta toshe bakinta.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Yaya ya sunkuyar da kai. Baba kuwa bai dubi kowa ba, farantin yake kallo. Ya daɗe yana tattaro kalmomin, kamar yadda ya saba.

"Gaskiya... ta faɗa," in ji shi. "Ta sha wuya."

"Malam, ba haka nake nufi..."

Ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ta yi shiru.

"Auta. Kofin nan... da kike bari."

"Na'am, Baba."

"Ba a zubarwa." Gefen bakinsa mai motsi ya ɗan ɗaga. "Kina fita... take kawo min. Rabi ni, rabi ita. Ta hura... ta riƙe min. Duk yini, lokacin nan... na fi so."

Na dubi Umma baki buɗe. Umma da magudana! Umma da abin kiran ƙuda! Ta kawar da kai tana goge ido da gefen mayafi.

"Asara ce ba na so," ta ce da bango.

"Yau... ba a kawo ba," in ji Baba. Ya juya ga Injiniya. "Yaro. Ina jira."

Na ƙara danne injin.

Injiniya ya daɗe yana kallon hannuwana. Sannan ya miƙo hagunsa ya kama mariƙin. Juyin farko ya ƙwace masa. Na biyu ya tafi a karkace, injin ya nemi tashi, na mayar da shi. Daga nan ya samu hanya. Ƙurus-ƙurus, ƙurus-ƙurus, ƙarar nan da Umma ta ce ba ta son ji ta cika falon. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Da mariƙin ya saki, alamar ba sauran ƙwaya, sai na ga yana haki kamar wanda ya yi gudu.

Na jiƙa takarda, na zubar da ruwan a kofi na tura gefe, na juye garin. Na juya masa mariƙin butar.

"Zubawa hannu ɗaya take so," na ce. "Wannan ba ruwana."

Ya taɓa jikin butar da bayan yatsa. "Ya huce daidai," ya ce a hankali, kamar da kansa yake.

Ya ɗaga. Ruwan farko ya sauka a gefen takarda, wani ya fallatsa a faranti har ya taɓa min yatsa. Yaya ya yi tsaki. Ban motsa ba, ban kai masa hannu ba, ko da yake duk jikina yana so. Ya cije leɓe ya dawo da bakin butar tsakiya, ya jiƙa garin ko'ina, ya ajiye.

Wurin nan dole a jira. Haka ya koya min, ba a gaggawa, ba a taɓawa. Garin ya fara tasowa, yana kumbura, ƙananan kumfa suna fashewa, ƙamshi ya gauraye ɗakin. Mu biyar muna zaune muna kallon mazurari.

A cikin shirun nan Baba ya yi magana.

"An ce... ka zo da magana."

Injiniya bai ɗauke ido daga garin ba.

"Baba, na zo ne in ce na janye." Ya ɗago ya dubi Baba. "Na haddace maganar tun daga gida. Amma ƙarya zan yi maka idan na faɗe ta. Ban janye ba. Ban san yadda zan yi ba, ban san aikin da zan koma ba, abubuwa da yawa sai na koya daga farko. Amma ina sonta, kuma idan ba ka kore ni ba, ba zan kori kaina ba."

"Kai, ba haka muka yi da kai ba!" Yaya ya miƙe.

"Ba haka muka yi ba, Yaya. Ka yi haƙuri. Da kai na yi, ban yi da ita ba."

"To me zan ce wa Lauya?"

"Ka mayar masa da kwalinsa," na ce. "Ko buɗewa ba a yi ba."

Yaya ya dubi Baba yana jiran a tsawata min. Baba ya nuna butar da haɓa. Yaya ya figi makullinsa ya fita, ƙofar ta bugu har labule ya tashi.

Injiniya ya sake ɗaukar butar. Wannan karon ya jingina gwiwar hannunsa a cinya, ya dinga zubawa siriri, yana kewayawa daga tsakiya zuwa gefe. Da'irar ba ta yi kyau ba, amma ruwan bai sake fita waje ba. Gahawa ta dinga ɗiga a tulu har ta tsaya.

Na zubar da ruwan ɗaurayar a tukunyar fulawar da ke bakin taga, na raba gahawar kofi biyu.

"Ki saurare ni da kyau, Auta," in ji Umma. Muryarta ta dushe. "Ranar da kika gaji, kuma wallahi za ki gaji, kada ki zo min nan da kuka."

"Zan zo, Umma. Wurin wa za ni idan ba wurinki ba? Zan zo in yi kukana, in wanke fuska, in koma gidana. Kamar yadda kike yi a bayan ƙofar kicin kina tsammani ba na ji."

Ta zuba min ido. Na ɗauka mari ne zai biyo baya, na ma shirya masa. Sai Baba ya miƙa hannu wajen kofin, ya kusa kifar da shi.

"Tsaya mana, Malam, za ka ƙone!"

Kafin ta gama faɗa ta riga ta ɗauke kofin. Ta zauna a hannun kujerarsa, ta hura, ta kurɓa don ta ji zafin, kamar mai yin abin da ta saba. Ta ɗan yamutsa fuska.

"An bar ruwa ya bi gefen takarda," ta ce, ba ta dubi Injiniya ba. "Ya yi salam. Na Auta ya fi."

"Zan gyara, Umma."

"Ban ce na yarda ba."

"Na ji, Umma."

Ta tallafi haɓar Baba da hannu ɗaya, ta kai masa kofin baki. Ni kuma na ɗauki na biyun na sha rabi, na miƙa wa Injiniya sauran, ya karɓa da hagu.